Yadda Mabushin Algaita Ke Shawo Kan Take Mai Wuya

Abu biyu ke wahalar da mai koyon algaita: yatsu da numfashi.

Game da yatsu, sai ya yanka taken gaɓa-gaɓa, ya yi ta maimaita wadda ke sarƙe masa sannu-sannu, har yatsun su saba da ƙofofin, sa'an nan ya haɗa ta da ta gabanta, ya ƙara sauri.

Numfashi kuwa, tilas ya tara iska a kumatu, ya riƙa matso ta yayin da yake shaƙar wata ta hanci. Ana iya gwada wannan da hura siririn kara mai huji cikin ƙoƙon ruwa, kada kumfar ta yanke.

Wanda ya yi garaje, kuskurensa zai hardace, ran hawan salla ya ɓata taken Sarki a bainar jama'a.