I'itikafi da Damuwar Ɗan Kasuwa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na watan Sha'aban)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, barkanmu da wannan lokaci. An ɗora mana nauyin mu ce wani abu kafin azumi ya kama, alhali ga malamai a zaune, to amma mu abin da za mu taɓa, ɗan kasuwa ne ya fi kowa sanin zafinsa, wato damuwa, da kuma maganin da addininmu ya tanadar mata a goman ƙarshe na Ramadan.

Jama'a, zaman Abuja zama ne na tunani. Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a nan, mutanenmu suke ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya domin neman halaliya. Alhamdu lillahi an samu, amma ba a kwance aka samu ba. Wanda ya ga rusau na tsakanin 2003 da 2007 ya san yadda mutum kan kwana da shago ya wayi gari babu. A 2006 aka hana acaɓa a cikin birni, yaranmu da yawa suka rasa abin yi. A 2020 kullen korona ya rufe kasuwa da masallaci. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, cikin watan Mayu na shekarar kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka tashi. Ga kuɗin haya na shekara guda cur a dunƙule, ga kuɗin makarantar yara, ga 'yan'uwa a gida da suke ganin duk wanda ke Abuja ya haye.

To, ina duk wannan yake taruwa? A zuciya. Za ka ga mutum ya baro Mararaba ko Zuba tun da asuba don ya riga cunkoso, ya wuni a Wuse ko Dei-Dei, ya dawo bayan isha, ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Ya ta da kabbara, bashin da yake bin wani ne a ransa har ya sallame. Daga nan sai faɗa da iyali ba dalili, sai hawan jini. A gida, in abu ya dami mutum, akwai zauren mahaifi, akwai malamin da ya karantar da shi, akwai abokan tasowa. A nan kowa ta kansa yake yi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskokinmu a kasuwa sun isa shaida.

Ma'anar i'itikafi ita ce mutum ya lazimci masallaci da niyyar ibada, ya yanke hulɗa da harkokin duniya na wasu kwanaki. An ambace shi a Alƙur'ani cikin Suratul Baƙara, aya ta 187. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana yin sa a goman ƙarshe na Ramadan har ya koma ga Ubangijinsa, a shekararsa ta ƙarshe ma kwana 20 ya yi, matansa kuma suka ci gaba da yi a bayansa. A cikin waɗannan darare ne ake neman Lailatul Ƙadri, musamman daren 21 da 23 da 25 da 27 da 29, daren da ya fi wata 1,000, wato shekara 83 da wata 4.

Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a Islamiyya za su tuna babin. A mazhabarmu ta Malikiyya, ba a i'itikafi sai da azumi, kuma sai a masallaci. In Juma'a za ta faɗo a cikin kwanakin, to sai a masallacin da ake Juma'a. Mafi ƙarancinsa yini da dare, abin da aka fi so kwana 10. Ana shiga kafin faɗuwar rana ta ranar 20 ga wata. Ba a fita sai don lalura irin ta ɗan Adam. Ba zuwa gaida mara lafiya, ba rakiyar jana'iza, ba kusantar iyali, ba fita ciniki. An so kuma mutum ya kwana daren salla a masallacin, daga can ya wuce idi.

Ku dubi waɗannan sharuɗɗa da idon ɗan kasuwa. Duk ƙofar da damuwa take shigowa an toshe ta. Waɗanda suka saba shiga sukan ce kwana biyun farko su ne masu wuya, jiki yana masallaci, hankali yana shago. Daga na uku zuwa na huɗu sai zuciya ta fara lafawa, kamar ruwan rijiya da aka bari a tulu, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. A nan mutum yake iya rarrabe damuwarsa gida biyu: wadda yake da abin yi a kanta, kamar bashin da zai je ya nemi a ɗaga masa, ko ɗan'uwan da zai nemi gafararsa, da wadda ba hannunsa a ciki, kamar farashin dala, sai ya miƙa ta ga Mai ita. Allah ya faɗa mana a Suratur Ra'adi cewa da ambatonsa zukata suke natsuwa. Bashi yana nan yana jiran mutum in ya fito, gaskiya ne, amma wanda ya fito ba shi ne wanda ya shiga ba. Mai hawan jini kuma ya shiga da maganinsa, ya bi abin da likita ya ce game da azumi, domin neman magani ba ya kore tawakkali.

Sai dai akwai gyara. Wasu sukan shiga da waya biyu, suna bin yaron shago da tambayar nawa aka sayar. Wannan kasuwa ce aka ɗauko aka kai masallaci. Wasu kuma hira ce har sahur, ko barci daga hantsi zuwa la'asar. A bar waya a kashe, a ware lokaci kaɗan na jin lafiyar iyali. A kuma nemi izinin kwamitin masallaci da wuri, ko Babban Masallacin Ƙasa ne ko na Juma'ar unguwa, a bi tsarinsu, a kula da tsabta.

Yanzu ga inda maganar take, kuma a nan muke roƙon shugabanni su saurara. Goman ƙarshe ita ce kakar ɗan kasuwa. Lokacin ne mai shadda da atamfa, da tela, da mai takalma, da mai kayan miya suke samun abin da zai riƙe su watanni. Alhaji mai yara biyar a shago zai iya juya baya kwana 10. Mai tebur fa? Mai tura baro fa? Wanda ya fi kowa damuwa shi ne ya fi kowa rashin halin shiga. Kuma malamanmu sun karhanta mutum ya shiga bai tanadi abin da zai ishe shi ba, balle ya bar iyali da yunwa.

Don haka muna ba da shawara uku. Ta farko, maƙwabtan rumfa su haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu, bana ɗaya ya shiga sauran su riƙe masa rumfa bisa amana, a rubuta kaya da ciniki, baɗi wani ya shiga. Ta biyu, ƙungiya ta buɗe asusun karo-karo daga yau, a kai buɗa-baki da sahur masallaci, a kuma kai cefane gidan ƙaramin ɗan kasuwar da ya shiga, cikin sirri. Ta uku, wanda ba zai iya goma ba ya yi yini da dare, ko kwana uku, domin da babu gara ba daɗi.

Kada kuma mu manta da iyayenmu mata. Su ke tsaye a murhu tun la'asar, su ke ɗauke da damuwarmu a kan tasu. Inda masallaci yake da keɓaɓɓen wuri mai tsaro, maigida ya ba da izini. Inda babu, a sauƙaƙa musu girki a waɗannan darare, su ma su samu rabonsu na tilawa da addu'a.

A Ramadan na 2020 mun ga ƙofofin masallatai a rufe, har Harami biyu aka dakatar da i'itikafi, sai a 2022 aka dawo da shi. Wanda yake cewa sai baɗi, a shekarar nan ya gane baɗi ba a hannunsa take ba. Sakatare yana nan da takarda, mai niyya ya ba da sunansa da na maƙwabtan rumfarsa kafin a tashi.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya, ya yaye mana damuwa, ya biya wa mai bashi bashinsa, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.