Kan Jirgi Ba Gunki Ba Ne: Darasi Daga Welshpool

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina na fannin tarihi da jami'an gidajen adana kayan tarihi a kan abu ɗaya. Su a wurinsu, in an kewaye tsohon kan jirgi da shinge, an kafa masa allo, an gama adana shi. Ni ban yarda ba. Inji abin motsi ne. Ranar da aka daina hura masa wuta tsatsa ke fara cinsa, ilimin sarrafa shi kuma ya bi tsofaffin ma'aikata zuwa kabari.

Ba sai na maimaita muku isowar layin dogo Kano a 1911 ko labarin dalar gyaɗa ba. Ƙaramin layin Bauchi nake so ku tuna, wanda ya tashi daga Zariya ya isa Bukuru a 1914 domin kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Faɗinsa ƙafa biyu da inci shida.

To, ku riƙe wannan awon. A yankin Wales na Birtaniya akwai layi mai faɗi iri ɗaya, tsakanin Welshpool da Llanfair Caereinion, tsawonsa wajen mil takwas. An buɗe shi a 1903, ya daina ɗaukar fasinja a 1931, aka rufe shi gaba ɗaya a 1956. Shekara ɗaya ke nan tsakanin mutuwarsa da ta namu. Amma can wasu 'yan sa kai suka ƙi binne shi. Sun ga abin da aka yi a layin Talyllyn a 1951, inda masu sha'awa suka karɓi layi suka riƙa gudanar da shi da kansu, karo na farko a duniya. A 1963 jirgi ya sake tashi daga Llanfair, a 1981 ya dawo Welshpool. Shekara goma sha takwas suna gyaran hanya kaɗan-kaɗan. Kawunan jirgi biyu na asali, da aka ƙera a 1902, har yanzu suna hannunsu. Ga abin da ya fi taɓa ni: da Saliyo ta rufe layinta, mutanen nan sun sayi kan jirgi da taragun fasinja daga Freetown a 1975. Ƙarfen da ya yi aiki a Afirka ta Yamma ya je ya ja yaran Turawa a tsaunukan Wales, namu kuwa yana tsaye a Jos ana ɗaukarsa hoto.

Mafi yawan masu wannan aiki ba a biyan su ko sisi. Wani ya zuba kwal, wani ya sayar da tikiti, wani ya sare ciyawar gefen layi. Kuma jirgin ba kullum yake tashi ba. Yana aiki a watannin ɗumi da hutun makarantu, sai Disamba da ake shirya wa yara tafiyar Kirsimeti. Kuɗin tikitin kakar shi ke sayen kwal da katakon layi, lokacin sanyi kuma a duƙufa gyara.

In na ce mu ma mu yi haka a nan, za a ce mutanenmu na fama da abin sawa a bakin salati, ina su ina aikin kyauta? Mai faɗin haka bai taɓa ganin gayya a gona ba, ko 'yan agaji a filin Idi. Za a kawo batun tsaro. Mil biyar nake nema a gefen gari, ba Kano zuwa Legas ba. A Ebute Metta ta Legas ma ƙungiyar sa kai ce, Legacy 1995, ta farfaɗo da tsohon ginin layin dogo da ake kira gidan Jaekel.

Buƙatata ga Hukumar Jiragen Ƙasa ita ce wadda na sha faɗa: ta ba wata ƙungiya mai rajista aron guntun layi da rumfar gyara guda a Zariya ko Kafanchan, da yarjejeniya a rubuce. A nemo direbobi da makanikai masu fansho tun suna da ƙarfi, a haɗa kowannensu da ɗaliban injiniya. Tafiyar farko a yi ta washegarin Ƙaramar Sallah, ko da tarago biyu ne.