Jawabin Kwamitin Raya Sana'o'i Kan Tsadar Kayan Aikin Dukawa da Majema

Mai girma Hakimi, uban taro, malamanmu da iyayenmu, 'yan'uwa da kuka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, muna yi muku barka da zuwa gida.

An ɗora wa wannan kwamiti nauyin gano abin da ya sa unguwar dukawa ke ƙara yin shiru, alhali jaka da takalmi da kube ba su rasa masu saye ba. Mun zauna da dattawan sana'ar a zaurukansu, muka kuwa tarar cewa riba tana ƙarewa ne tun wajen sayen kayan aiki, kafin wuƙa ta taɓa fata.

Baduku a garinmu fata biyu ko uku yake ɗauka a hannun dillali, galibi bashi, mai karɓar bashi kuwa ba ya tayi. Zare da gam da zik sai ya shiga mota zuwa Kano, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar kan lashe abin da ya je nema na sauƙi. Mutum biyar su yi tafiya biyar saboda kayan da buhu ɗaya zai ɗauke!

Majema ma haka. Bagaruwar jima da rani take nuna, lokacin da yara ke tsinto ta su sayar da araha, amma ba mai jarin ajiye buhuna, sai damina ta yi tsaka a koma sayen mudu-mudu da tsada. Karan dafi, wanda ke ba fatar akuya jan launin nan da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, da kaka yake wadata.

Abin da ya fi ba mu takaici kuwa yana hannunmu ne, mu mazauna birni. Ranar Babbar Sallah kusan kowane gida cikinmu na yanka rago, amma ina fatun suke tafiya? Wasu a babbake su, wasu a jefar bayan katanga su ruɓe. Malamai sun karantar da mu cewa mai layya ba ya sayar da fatar layyarsa, amma yana kyauta ko sadaka da ita. To, ga 'yan'uwanmu nan suna cin bashin abin da muke zubarwa. Aikin bai da yawa: a gargaɗi mai fiɗa kada ya huda fatar, domin huji ɗaya na karya darajarta, a zuba mata gishiri ta ciki a ranar, a ajiye ta a inuwa. Wanda ya shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana ya ɓata ta ne kawai.

Saboda haka muna roƙon taro ya amince da buɗe asusun sarin kaya. Masu sana'a su zuba adashinsu, ƙungiya ta ɗora nata, a sayi bagaruwa da karan dafi a lokacin araharsu a adana, reshenmu na Kano ya riƙa saro zare da sauran tarkace ya aiko a mota ɗaya. Kowa ya ɗauka a kan kuɗin sari da na dako, ba ƙari.

Mun san wasu za su tuna da asusun taki da bashi ya cinye, kuma ba mu ga laifinsu ba. Wannan karon ba a ba kowa bashi sai Sarkin Dukawa ya tsaya masa, kuma za a karanta littafin shige da fice a gaban kowa duk zaman wata.

Muna son kowane reshe ya ba sakatare sunan mutum ɗaya da zai tattara fatu kafin watan Zulhajji ya kama. Gishirin, kwamiti zai saya.