Jawabi ga ma'aikatan cibiyoyin tamowa kan gajiyar aiki



Kun san yadda damina take zuwa muku. Daga Yuni zuwa Oktoba rumbuna sun yi ƙasa, masassarar cizon sauro ta taso, ɗakunan CRENI na Maraɗi, Damagaram da Tawa suna cika maƙil. A 2020 annobar korona ta hau kan wannan nauyi. Tun daga 19 ga Maris, ranar da aka tabbatar da mutum na farko a Yamai, kuka riƙa aiki da takunkumi a fuska, kuna komawa gida da fargabar kai wa iyali cuta.

Irin wannan aiki yana barin tabo. A 2019 Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta bayyana gajiyar da doguwar matsin aiki ke haifarwa da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin da masu jinya, sannan mutum ya ga ba ya taɓuka abin kirki.

Wannan gajiya tana kaiwa har gadon yaro. Mai tamowa mai tsanani yana shan madarar F-75 kowace awa biyu ko uku, dare da rana. Idon da ya yi kwanaki bai runtsa ba yana iya kuskure awo, ko ya kasa lura da jikin da ya yi sanyi gab da asuba. Uwar da aka yi wa tsawa kuwa takan goya ɗanta ta tafi kafin a sallame shi.

Don haka, shugabannin cibiya, ku tsara aikin dare da ranakun hutu tun kafin ɗakuna su cika. Idan yaro ya rasu, ku zauna tare ku yi magana, ba da neman mai laifi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nisanci tramol da ƙwayoyin hana barci. Wanda rashin barci ko baƙin ciki ya kai masa mako biyu, ya ga likita. Wanda tunanin cutar da kansa ya zo masa, ya faɗa a ranar.

Hutunku yana cikin maganin yaran nan.