Darasin Dare na Goma Sha Ɗaya: Matar da Ta Sauka, Ɗan Bai Zo da Rai Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, wata baiwar Allah ta aiko tambaya. Ta sauka a farkon watan nan, ɗan bai zo da rai ba, surukarta kuma tana cewa ita ta jawo.

Hukunci tukuna. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Risala ta kawo, jaririn da bai yi kuka ba bayan fitowarsa, ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa. A naɗe shi a ƙyalle, a kai shi maƙabarta, don an karhanta binne shi cikin gida. Uwar tana cikin jinin biƙi, iyakarsa kwana 60. Ta aje salla da azumi, ta rama azumin daga baya.

Rashin sallar jana'iza bai nufin ba a yi rashi ba. Nan muke kuskure. Babu zaman makoki, babu mai zuwa gaisuwa, sai a ce mata "wani na tafe". Ga nono ya kawo, babu mai sha. Ga ragon suna a turke, an ci bashin jika sittin ko fiye, yanzu a sayar da shi da hasara a biya magani da kuɗin mota. Wata ma doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, miji ya kai ta gidansu, ya yi shiru. Ibnu Majah ya ruwaito cewa irin wannan ɗa zai ja uwarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta nemi lada wurin Allah. To, wace surukar ce za ta wulaƙanta wadda aka yi wa wannan bushara?

Ku maza, da ku nake. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba mafakar sakaci ba ce. Zazzaɓin cizon sauro da hawan jini suna kashe ɗa a ciki, awo ke gano su. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ana jiran izininka, kana kasuwar Jibiya! Ka bar izini kafin ka fita: in abu ya taso, a kai ta likita.

Mai cikin da ke tsoron azumi zai cutar da abin da ke cikinta, ta sha ruwa, ta rama bayan ta samu lafiya. Babu ciyarwa a kanta.

Allah ne mafi sani. Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu shiga babin i'itikafi.