Tarbar Baƙo Da Kuɗin Wata-Wata: Yadda Ake Samun Abinci Da Manhajar Waya



Kwamitin matasa ya nemi mu yi bayani a kan sana'ar da 'ya'yanmu masu ilmin kwamfuta suke ta rububin shiga, wato ƙera manhajar wayar salula. Da yawa daga cikinku an zo muku neman jari, an ce mutum dubu kaza sun sauke manhajar. To, yawan masu saukewa ba ya sa tukunya a kan murhu. Ribar tana wajen wanda ya shigo, ya zauna, ya biya bana, ya kuma biya baɗi.

Kamfanin Apple ya buɗe kasuwarsa ta manhajoji a 2008, ya shigo da tsarin biyan kuɗin wata-wata a 2011, yana yankar kashi 30 cikin 100. A 2016 ya rage zuwa kashi 15 a kan wanda ya cika shekara guda yana biya, a 2022 kuma Google ya mayar da nasa kashi 15 tun daga watan farko. Mu ƙaddara yaronmu ya sa Naira 1,000 a wata, an yanki 150, saura 850. Idan ya kashe 2,000 wajen talla kafin ya samu mai biya ɗaya, sai a wata na uku zai fara ganin riba. Duk wanda ya fice kafin nan, asara ya bar masa.

Shi ya sa muka fi ba da ƙarfi ga tarbar baƙo. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a cikin waya ma haka abin yake. Mutum ya buɗe manhaja a karo na farko, maimakon a nuna masa abin da ya kawo shi, sai a tare shi da tambayoyi: sunanka, lambarka, ranar haihuwarka, lambar katinka na banki. Wane ɗan kasuwa ne yake tsayar da mai ciniki a ƙofar shago ya ce sai ya nuna katin shaida kafin ya ga hajar? Manhajar koyon harsuna ta Duolingo tana barin mutum ya yi darasin farko tukuna, ya ji daɗin cewa ya iya kalma biyu ko uku, sa'annan ta ce ya yi rajista don kada ya rasa abin da ya koya. Ma'aikatanta sun bayyana cewa jinkirta rajistar nan ya ƙara musu masu dawowa. A wajenmu akwai ƙari: wayar mutanenmu ƙarama ce, data tana da tsada, wasu kuma sun fi gane murya a kan rubutu. Manhajar da ta yi nauyi, ko ta yi sallama da dogon Turanci, an goge ta kafin la'asar.

Sai maganar amana. Ba mu manta da yadda aka riƙa zaftare mana kuɗin kira da sunan waƙar jiran kira ko saƙonnin da ba mu nema ba, har hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016. Wanda aka yi wa haka, da ya ji an ce za a riƙa cira duk wata, sai ya ja da baya. Don haka a faɗi farashi ƙarara, a tuna wa mutum kafin kwanakin gwaji su ƙare, a bar ƙofar fita a buɗe. A 2025 kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a Amurka, bayan an zarge shi da sa mutane cikin tsarin biya ba da cikakken saninsu ba, da kuma wahalar da masu son fita.

Akwai kuma tambayar da matasanmu ba sa son ji: wa zai biya? Kamfanin finafinai na iROKOtv ya zuba kuɗi masu yawa yana neman masu biya a cikin Nijeriya, amma a 2020 ya rage ma'aikata, ya karkata ga 'yan Afirka mazauna Turai da Amurka, saboda aljihunsu ya fi nauyi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ku mazauna birni ku ne masu albashi, ku ne kuma kuke kukan 'ya'yanku ba sa jin Hausa sosai. Manhajar koyar da yara harshe da tatsuniyoyi, ko ta rubuta bashi da ciniki ga masu shaguna, tana iya samun mai biya a cikinku.

Idan yaro ya zo muku neman jari, ku tambaye shi: cikin mutum 100 da suka sauke, nawa suka sake buɗewa bayan mako guda, nawa suka biya, nawa kuma suka sake biya a wata na biyu? In ya kawo alƙaluman a rubuce, ku zauna da shi. In babu, ku ba shi wata uku ya je ya tattaro su.