Ma'aikacin da Ke Cikin Fayil da Wanda Ke Bakin Aiki

 

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, malamaina, 'yan'uwana jami'an kula da ma'aikata na ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo.

An ce in yi magana kan sababbin abubuwan da suka shigo wuraren aiki. Zan fara da hanyar da ta kawo ni yau. Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo da sassafe ya san su wane ne ke cika motocin haya: malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da akawun sakatariya. Takarda ta ce a Getso ko Kutama ko Garo suke aiki, amma iyalansu na cikin birni. Da, wannan zirga-zirga mai yiwuwa ce. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A wannan shekarar ta 2024 hauhawar farashi ya wuce kashi 34 cikin ɗari.

Gwamnati ta yi nata. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Jihar Kano kuma ta yanke 71,000. Sai dai kowannenku ya zauna ya lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa na kwana ashirin, ya cire daga wannan adadi, ya ga abin da zai rage wa cefane. A nan ne aka haifi zuwa aiki sau biyu a mako, da karɓa-karɓa tsakanin abokan aiki, da "don Allah sa min hannu a rajista". Mun san da haka, mun kawar da kai, domin mu ma muna cikin motar.

Maganin da ake kawo mana kullum shi ne tantancewa: a ɗauki hoton yatsa, a haɗa albashi da lambar banki. Gwamnatin tarayya ta fara irin wannan tun 2007 da tsarin IPPIS, jihohi suka biyo baya. Ina goyon bayansa, domin ma'aikacin bogi ɓarawo ne, kuma haƙƙin talakan da ya biya haraji yake ci. Amma na'ura iyakarta ta nuna cewa mutum yana raye kuma yatsansa ne. Ba za ta faɗa maka dalilin da ya sa ungozomar da aka tura ƙauye ta nemi canjin wurin aiki bayan wata uku ba. Sai wanda ya taka ya je ya ga babu ɗakin kwana a asibitin, babu ruwa, babu makarantar da za ta sa 'ya'yanta. Wannan tafiyar aikinmu ce, mu jami'an ma'aikata, kuma mun bar ta mun zauna gadin kabad.

A wani ofis da na taɓa aiki, wani dattijo mai gadi ya zo neman haƙƙinsa na ritaya, aka nemi fayil ɗinsa aka rasa. Wata bakwai yana zarya. Da aka gano shi, sai ga ranar haihuwa iri biyu a ciki, ɗaya da biro shuɗi, ɗaya da baƙi. Ni na sa hannu a takardar da ta ce ya dawo wata mai zuwa, har sau uku, kuma ban manta fuskarsa ba. Da tun ranar da aka ɗauke shi aka rubuta bayanansa daidai, da bai ci bashin kuɗin mota yana bin haƙƙin da ya yi wa shekara talatin da biyar ba. Shi ya sa nake murna da zuwan kwamfuta ofisoshinmu, da sharaɗin mu san cewa ƙaryar da aka shigar mata ita za ta riƙa maimaitawa. Ku kuma sani tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Takardar albashin mutum ko ta asibitinsa ba abin turawa zauren WhatsApp ba ce.

Yanzu in zo ga abin da ya fi ci min rai, wato alfarma. Ɗan ƙaramin kati daga wani babba yana rusa jerin sunayen da kwamiti ya kwana uku yana tacewa. Mai uwa a gindin murhu a bar shi a birni, maras gata a jefa shi ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ya shekara goma ba wanda ya tuna da shi. Ma'aikaci yana iya jure ƙarancin albashi idan ya ga kowa haka yake. Abin da ke karya masa zuciya shi ne ya ga wanda ya koya wa aiki an yi masa ƙarin girma an tsallake shi, ba tare da wani bayani ba. Daga ranar nan jikinsa kawai ke zuwa ofis.

Ana ta maganar likitoci da ma'aikatan jinya masu tafiya Ingila da Saudiyya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya a 2023. Tamu ƙaurar a nan ta fi wannan kusa: daga ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, daga can zuwa Kano, daga aikin jiha zuwa na tarayya. A 2022 aka amince da kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Kabo, ga kuma makarantar nazarin muhalli ta kwalejin fasaha ta jiha a nan Gwarzo. Alheri ne babba. Amma duk babbar makarantar da ta buɗe za ta ɗebi mafi ƙwarewar akawu da malamin da muke da su, kuma ba laifinsu ba ne. Wa muka horar ya gaje su?

Matasan da ke shigowa yanzu ba irinmu ba ne. Suna da sana'a a waya, wani yana da shagon POS, kuma suna tambayar dalilin kowane umarni. Ni ban ɗauki wannan rashin kunya ba. Idan ka ba shi aiki mai ma'ana ka faɗa masa ranar da za a duba ƙarin girmansa, zai yi maka fiye da yadda kake zato.

Ga masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu da ke wannan ɗaki, dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku, kuma mai jego tana da hutun mako 12. "Ai yaron gida ne" ba ya maye gurbin takarda. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ku jami'an ma'aikata, ku duba jerin ma'aikatanku ku ƙirga.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da hakan ya kankama, matsin ɗaukar 'yan siyasa da 'yan'uwa aiki a kan teburinku zai sauka, kuma rubutacciyar ƙa'ida ce kaɗai za ta ba ku bakin cewa a'a.

Don haka roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu: a rubuta ƙa'idar tura ma'aikata ƙauye da iyakar shekarun da mutum zai yi, a liƙa ta a allon sanarwa kowa ya gani, a kuma gyara gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya ko da biyu-biyu ne a shekara. Iyayenmu dagatai, ku taimaka wa baƙon ma'aikaci da masauki da 'yar gonar da zai noma. Ku kuma 'yan'uwana, kowa ya ware rana ɗaya a wata ya rufe ofis ya je ya ga mutanen da fayilolinsu ke hannunsa, ya fara da wanda ya fi nisa.